Yayen da Ya Zo a Makare

A ƙauyenmu, can tsakanin Malumfashi da Kafur, idan yaro ya isa yaye ba a ɗakin uwarsa ake yi ba. Kakarsa ce ke zuwa ta goya shi ta tafi da shi, ya yi kukansa kwana biyu ko uku, a lallashe shi da kunu da ɗumame har ya saba. Idan ya dawo ya nemi nono, sai ya tarar an shafa maɗaci. An yi mini wannan yayen ina ɗan shekara biyu, kamar kowa. Amma akwai wani yayen da ban samu ba sai da na doshi talatin, kuma kafin in same shi sai da na yi shekara tara ban taka ƙofar majami'a ba.

Mu Hausawa ne, kuma Kirista. Kakana Bamaguje ne, yana da tsafinsa a bayan rumbu, yana yi wa iskokin gida yanka kafin shuka. Baba ne ya fara jin bishara, lokacin da ya raka ƙanin mahaifinsa jinya a asibitin kutare na Babbar Ruga, kusa da Katsina, inda 'yan mishan na SIM suke aiki. Ya dawo gida ya iya karatun Hausa da boko, da Littafi Mai Tsarki mai baƙin bango a cikin jakarsa, juyin nan na 1932 da Likita Mila na Zariya da abokan aikinsa suka yi. Kakana ya karɓe gayaunarsa, ya yi damina biyu bai amsa gaisuwarsa ba. Baba da tsada ya sayi bangaskiyarsa. Ni kuwa tarar da ita na yi a tsakar gida, kamar yadda na tarar da rijiyarmu, an riga an haƙa, ga guga a rataye.

An haife ni a 1966, ranar Lahadi, kuma sunan ranar ne ya bi ni har yau. Na tashi a cikin ikkilisiya tsamo-tsamo. Majami'armu ta ƙasa ce, kujerunta ma na ƙasa ne, ƙararrawarta kuwa tsohon bakin garma ne da aka rataye a jikin bedi. Inna tana cikin Zumuntar Mata, ita ce mai kiɗan tulu, ranar Talata ba a samunta a gida da yamma. A makarantar Lahadi babu wanda ya kama ƙafata a haddar aya. Idan 'yan Sabon Rai Don Kowa za su fita wa'azi ƙauyukan kusa, ni ake ɗorawa a kan turmi in zuba ayoyi, manya suna kaɗa kai. A ajin baftisma ma haka. Malam ya karanta tambaya, mu amsa da baki ɗaya, ni kan riga kowa. A ƙarshen daminar 1981 aka yi mini baftisma a rafin bayan gari, ruwa na kai mini ƙirji, mata na waƙa a bakin gaɓa.

Da za a tambaye ni a ranar mene ne Kirista, da na ce shi ne wanda ba ya shan giya, ba ya ɗaura laya, ba ya ƙara mata ta biyu, ba ya zuwa gona ranar Lahadi. Ban ga laifin waɗanda suka koya mana haka ba. Mutane ne da suka fito daga gidajen da burkutu da tsafi suka cinye, dole su kafa shinge mai ƙarfi. Kuma sun koya mana abin da ke cikin gonar, ni ne dai na tsaya wajen shingen, don shi ake gani, shi ake yabo a kansa.

A 1986 na tafi Kano na sami aiki a wata masaƙa a Bompai, na kama ɗaki a Fagge, a gidan wani Alhaji mai sayar da yadi a Kantin Kwari. Lahadin farko na shiga Sabon Gari neman majami'a. Na sami wata babba, ana sujada da Turanci, ga kayan kiɗa irin waɗanda ban taɓa gani ba. Bayan an tashi wani dattijo ya gaishe ni da fara'a, ya tambayi garinmu. Da na faɗa masa, sai ya ce, "To yaushe ka tuba?" Na ce a ciki aka haife ni. Ya yi mamaki, ya kira abokinsa ya zo ya ga Bahaushe Kirista. Ba da mugun nufi ya yi ba, amma na koma ɗaki jikina a sanyaye. Akwai majami'un da ake sujada da Hausa a Kano, na kuma san inda suke. Na je sau huɗu ko biyar. Sai aka fara ba da aikin Lahadi a masaƙa, kuɗinsa ya fi na sauran ranaku, ga ƙannena biyu a makaranta.

Mu a ikkilisiya "ja da baya" muke ce wa abin da ya same ni, kuma kalmar ta dace. Mai ja da baya fuskarsa tana kallon inda ya fito, shi ya sa bai san ya yi nisa ba. Ban taɓa tashi wata safiya na ce na bar Yesu ba. Lahadi ɗaya ce ta zama biyu, biyu ta zama wata, addu'ar safe ta gajarce har ta ɓace, Littafina ya koma ƙasan akwati ƙarƙashin kayan sanyi.

Amma ba aikin Lahadi ne ya karya ni ba, tambayoyi ne. Abokan aikina kusan duk Musulmi ne, kuma mutanen kirki, tare muke cin garau-garau a bakin ƙofar masaƙa. Cikin hira sai ɗaya ya ce, "Don Allah, ba faɗa ba, yaya Allah zai zama uku?" Wani ya ce, "Wanda bai da mata, ina ya sami ɗa?" Wani kuma, "Idan an riga an biya muku zunubi, me zai hana ku yin abin da kuka ga dama?" Tambayoyi ne na gaskiya, kuma sun cancanci amsa. Ni da na haddace ayoyi ɗari da wani abu, sai in buɗe baki in ji babu komai. In jawo aya, su ce ba aya suka tambaya ba, ma'ana suka tambaya. Wata rana na ce musu abin kamar duwatsun murhu ne, uku ne amma tukunya ɗaya suke ɗauka. Ɗaya daga cikinsu, wanda ya yi karatun allo mai zurfi, ya ce, "Ke nan kowane dutse sulusin Allah ne?" Na yi shiru. A daren nan na kwanta ina cewa a raina, watakila abin da Baba ya rasa gonarsa a kai ba shi da amsa. Ban je na tambayi kowa ba, don ina jin kunyar a ce gwanin hadda bai san Allahnsa ba. Ban musulunta ba, ban kuma zauna a Kirista ba. Ba tsuntsu, ba tarko.

Idan na je gida Kirsimati nakan iso ranar da aka gama sujada, in koma kafin wata Lahadin. Inna ta gane tun shekarar farko. Ba ta taɓa yi mini faɗa ba. Abin da take yi, idan zan tafi, ta riƙe hannuna a bakin zaure ta yi addu'a da ƙarfi, ta ambaci sunana sau uku a ciki, ni kuma ina kallon hanya.

A watan Oktoba na 1991, da aka ce mai wa'azin nan Bajamushe, Rainhad Bonke, zai yi babban taro a Kano, gari ya kama da wuta. An kashe mutane da yawa, an ƙone shaguna da wuraren ibada. Ina dawowa daga aiki wasu samari da sanduna suka tare ni a wani lungu. Ɗaya ya ce, "Kai Musulmi ne?" Na ce, "Ba ka ji bakina ba? Ni Bakatsine ne." Suka buɗe mini hanya. Ban yi ƙarya ba, kowace kalma gaskiya ce, amma na san abin da na yi, kuma na san wanda na yi wa.

Alhaji mai gidanmu ya san ko ni wane ne tun ranar da na kama ɗaki. Ya shigar da ni cikin gida, wajen iyalinsa, tare da wata mata Inyamura da 'ya'yanta biyu, ya zauna da kansa a bakin zaure da carbinsa kwana uku. Da ƙura ta lafa, ya kira ni bayan sallar isha'i. Ya ce, "Yaro, na ɓoye ka don kai Kirista ne, kuma amana ce kai a hannuna. Amma shekara biyar ke nan kana gidan nan, na daɗe ban ga ka yi wanka ranar Lahadi ka tafi coci ba. Ba salla, ba coci. Mahaifinka ya san haka kake zaune?" Na ce, "A'a, Baba." Ya ce, "Mutum ba ya zama haka." Bai ƙara komai ba. Allah ya jiƙansa, ya daɗe da rasuwa. Maganarsa ta shige ni, amma sai ta ƙara nisanta ni, domin yanzu ba shakka kaɗai ke hana ni komawa ba, har da kunyar abin da na faɗa a lungun nan.

Baba ya rasu a bazarar 1995. Na iso ana shirin binne shi. A bakin kabari aka yi waƙa, fasto ya yi magana a kan tashin matattu, na ga Inna tana kuka amma bakinta yana bin waƙar. Ni na tsaya kamar baƙo. Na san duk kalmomin, babu ɗaya da ta riƙe ni. Da aka raba kayansa, Inna ta ce Littafinsa nawa ne.

Dare na uku na kunna aci-balbal na buɗe shi. Baba yana ja wa ayoyi layi da jan fensir, sai na riƙa bin layukan kamar mai bin sawu, har na iso Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa. A ƙarshen sura ta 5 marubucin yana tsawata wa mutanen da suka daɗe cikin bangaskiya har ya kamata a ce suna koyar da wasu, amma har yanzu nono suke sha, haƙoransu ba su san abinci mai tauri ba. Na ji kamar da ni yake. Na shiga sura ta 6, sai na ci karo da abin da ya hana ni barci: gargaɗi a kan waɗanda suka taɓa samun haske, suka ɗanɗana, sa'an nan suka fanɗare, cewa sabunta irinsu zuwa ga tuba ba mai yiwuwa ba ne. Na rufe littafin. Na ce shi ke nan, an rufe mini ƙofa, kuma da hannuna na rufe ta.

Da asuba na tafi gidan Malam, tsohon mai bisharar da ya koya mana a ajin baftisma. Ya yi makarantar Littafi Mai Tsarki a Tofa tun yana saurayi, a lokacin kuwa idonsa ya kusa tafiya. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa komai, har da lungun Fagge, abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ya saurara har na gama. Ya ce, "Ɗana, a ina ka tsaya da karatun?" Na faɗa masa. Ya ce, "Wa ya ce ka tsaya a nan? Ci gaba, ina ji."

Na ci gaba. Ayoyi kaɗan a gaba, marubucin nan da ya tsorata ni ya sauya murya, yana gaya wa mutanensa cewa duk da ya yi magana da zafi, yana da tabbacin abu mafi kyau game da su. A ƙarshen surar ya kawo rantsuwar da Allah ya yi wa Ibrahim, ya kamanta begenmu da ƙarfen nan da ake jefawa cikin teku don ya tsayar da jirgin ruwa. Malam ya ce, "Ni ban taɓa ganin teku ba. Amma na san turke. Akuya takan ja igiya har ta shaƙe kanta, ta zagaya, ta yi kuka. Ba ƙarfin akuya ke riƙe ta ba. Wa ya kafa turken?" Sa'an nan ya ce, "Kada ka ɗauka gargaɗin nan wasa ne. Akwai mai sanin gaskiya sarai, ya tofa mata yawu, ya tafi bai waiwaya ba. Amma irin wannan ba ya sammako gidan makaho yana kuka. Bitrus sau uku ya yi musun Ubangijinsa a dare ɗaya, kuma shi aka ce ya yi kiwon tumaki. Kai ba ƙin abincin ka yi ba, ba ka taɓa tauna shi ba ne. Laifinmu ne da naka. Zauna a yaye ka."

Na san malaman tauhidi sun daɗe suna jayayya a kan ayoyin nan, ko mai bi na gaskiya zai iya faɗuwa har abada ko ba zai iya ba, na kuma karanta ɓangarorin biyu daga baya. Har yau ban ji wanda ya ba ni abin da ya fi tambayar nan ta wa ya kafa turken ba.

Ban koma Kano ba a daminar nan. Na karɓi gonar Baba, kuma kowace yamma idan na dawo na wanke ƙafa, sai in tafi gindin bedin Malam. Ya ce a farkon sura ta 6 ta Ibraniyawa an jera harsashin ginin, tun daga tuba da bangaskiya har zuwa tashin matattu da shari'ar ƙarshe, to daga nan za mu fara, kamar ban taɓa shiga aji ba. Sai dai wannan karon ni ke tambaya.

Mun fi daɗewa a kan alheri. Na ce masa ina so in yi wani abu da zai goge shekarun nan, in yi azumi, in yi sharar majami'a shekara guda, in biya zakkar da ban bayar ba. Ya ce, "Ka tuna yaron nan na cikin Luka sura 15? Da ya dawo, me ya shirya zai roƙa?" Na ce a ɗauke shi ɗan ƙodago. Ya ce, "To kai ma ƙodago ka zo nema a gonar ubanka. Ɗan ƙodago da yamma ake biyansa ya tafi. Ɗan gida ba a biyansa, kuma ya fi ɗan ƙodago aiki, don gonar tasu ce." A nan na sami amsar tambayar da aka yi mini a bakin masaƙa, ta me zai hana wanda aka yafe wa yin abin da ya ga dama. Shekara goma sha huɗu bayan baftismata na gane cewa duk biyayyar ƙuruciyata lada nake tarawa, shi ya sa da na ga asusun ya fashe na gudu. Tuba kuma, da nake ɗauka hawaye ne a gaban taro, Malam ya ce juyawa ce: mai tafiya Funtuwa da ya gane Katsina za shi, ba zama zai yi a bakin hanya yana kuka ba, mota zai sauya.

Da muka zo kan Allah-Uku-Cikin-Ɗaya na ba shi labarin duwatsun murhu. Ya ce abokin nan nawa ya fi ni gaskiya, kuma in na sake ganinsa in gaya masa haka. Ya ce Allah ɗaya ne, Attaura ta faɗa, Yesu da kansa ya maimaita, duk wanda ya ce alloli uku ne ya fita daga bangaskiyar Kirista. Uba Allah ne cikakke, ba sulusi ba, haka Ɗa, haka Ruhu Mai Tsarki, kuma Uba ba shi ne Ɗa ba. Kalmar "Ɗa" kuwa ba ta da haɗi da aure ko haihuwa irin ta jiki, wannan tunanin mu ma saɓo ne a wurinmu. Ya kai ni farkon Bisharar Yohanna, inda aka kira Yesu Kalma. Ya ce, "Maganarka daga cikinka take fitowa, ba wani ba ce, kai ce. Yaushe Allah ya taɓa zama ba shi da Magana?" Sai ya ɗaga yatsa ya ce ko wannan misalin kada in jingina da shi da yawa, domin duk abin da za a kwatanta Allah da shi halitta ne, zai gaza a wani wuri. Ban fita daga gindin bedin nan na gane Allah ƙarewa ba. Amma na san abin da muke faɗa da abin da ba mu faɗa, na kuma daina jin tsoron tambaya.

Daga baya, da na fara sayen littattafai a Jos, na tarar tambayoyin bakin masaƙa sun girmi masaƙar da ƙarnuka. A kansu aka yi taron Nikiya a shekara ta 325. Atanasiyus, wanda aka kora daga kujerarsa sau biyar saboda ya tsaya a kan cewa Ɗan ba halitta ba ne, bishop ne na Iskandariya a Masar. Tartuliyan, wanda ya fara rubuta kalmar Triniti, wato Allah-Uku-Cikin-Ɗaya, da Latin, mutumin Kartaj ne a Tunisiya ta yau. Agustin, na ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, ya yi shekaru yana yawo nesa da bangaskiyar uwarsa Monika, tana binsa da addu'a, har aka yi masa baftisma a 387. Na yi ta tuna dattijon Sabon Gari da ya yi mamakin ganina. Da ni da shi duka ba mu san cewa tun kafin bishara ta kafu a Ingila ana wannan muhawara a arewacin hamadarmu ba.

Tashin matattu ne muka yi a ƙarshe, dawa ta riga ta fitar da kai. Malam ya ce in kai shi kabarin Baba. Na riƙe masa sanda muka tafi. Ya ce begen Kirista ba wai kurwa ta tsere ta bar jiki ba ne, jikin nan da aka shuka shi za a tayar, kamar yadda aka tarar da kabarin Yesu babu kowa. Ya sa hannu ya shafa zangarniyar da ta leƙo daga gonar maƙwabta, ya ce, "Abin da ka zuba a rami a watan shuka, haka yake da kyau?" Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Ni da mahaifinka a rafi ɗaya aka yi mana baftisma. Zan gan shi da idanun nan, kuma a lokacin suna gani." A nan na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Dattawan ikkilisiya suka zauna da ni. Suka ce in zauna a bencin baya wata shida, ina zuwa sujada amma ba na cin Jibin Ubangiji. Wasu suna ganin irin wannan horo tsauri ne. Ni ban ji haka ba, na ji an ɗauki tafiyata da dawowata da muhimmanci. Ranar Ista ta 1996 fasto ya kira sunana, na tashi na tsaya a gaba, na faɗi abin da na yi a taƙaice, har da amsar da na ba samarin nan. Majami'a ta yi tsit. Malam ya laluba ya ɗora hannu a kaina ya yi addu'a.

Aka zagayo da faranti, gutsattsarin burodi da ƙananan kofuna na zoɓo. Na ɗauka hannuna yana rawa. Daga ɓangaren mata na ji tulu ya fara amsawa a hankali, tun ba a ba da waƙa ba. Ban juya ba, na san hannun da ke bugawa.